Bindigar Iska Ta Gida: A Rage Tafi, A Kawo Ma'auni

Akwai wata sana'ar sha'awa da ta daɗe a Amurka da Turai da Indonesiya, wayar hannu kuma ta kawo mana ita har tsakar gida. Mutum zai zauna a garejinsa ya harhaɗa bututu da famfo da 'yan ƙarafa, ya ɗura iska, ya saita gwangwani ko katako, ya danna, abin ya huda. Babu albarushi, babu hayaƙi, ƙarar ma ba ta taka kara ta karya ba. Matasanmu masu hannu sun gani, wasu sun fara gwadawa, in suka ɗora bidiyon kuma sai addu'a ta yi ta zuba: Allah ya ƙara basira, gwamnati ta dubi yaron nan. Ni ba na cikin masu tafin. Haka kuma ba na cikin masu cewa a kama yaron a jefa shi kurkuku tare da 'yan fashi. Abin da nake gani shi ne muna wasa da abin da ba mu auna ba, iyaye ba su auna ba, dokar ƙasa ma ba ta auna ba.

Tushen ruɗin shi ne yadda muke raina iska. Tunda ba a ga wuta ba, sai a ɗauka wasa ne. Amma a tambayi mai faci na bakin titi, wanda ya taɓa ganin tayar tirela ta fashe ana cikin ba ta iska, zai ba da labari. A gejinsa tayar ƙaramar mota tana shan 30 zuwa 35, ta tirela tana haura 100. Bindigogin iska na kamfani masu tukunyar ajiye iska, waɗanda masu ƙirar gida suke kwaikwayo, ana cika su kusan 3,000 a wannan gejin, wasu ma sun wuce 4,000. Wato abin da saurayi yake jinginawa a kuncinsa yana iya ɗaukar matsi ninkin na tayar mota kusan sau ɗari. Kamfani yana yin tukunyar nan da ƙarfen da aka san ƙarfinsa, ya gwada ta, ya buga mata lamba da kwanan wata. Mai ƙirar gida kuwa da abin da ya samu a wurin 'yan gwangwan yake aiki, waldar da aka yi masa kuma ido kawai ya duba ta.

Akwai dalilin da ya sa masu gwada tukwanen iska suke cika su da ruwa lokacin gwaji. Ruwa ba ya matsuwa, in tukunya ta gaza sai ta tsage, ruwan ya tsiyaye, shi ke nan. Iska kuwa tana matsuwa, tana tara ƙarfi a cikinta, ranar da ta samu kafa gaba ɗaya take fita, ta kwashi tarkacen tukunyar ta watsa. Wanda ya gwada ƙirarsa ta hanyar ɗura iska yana sauraren ko za ta yi tsiyaya, to da fuskarsa yake gwajin.

Mafi muni shi ne bututun roba na ruwan famfo, wanda yawancin masu koyo suke farawa da shi saboda arha. Tun a 1988 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan ɗura matsattsiyar iska a irin wannan bututu, saboda in ya gaza tarwatsewa yake yi, ya zama tsinke-tsinke masu kaifi. Ƙarfinsa yana raguwa in ya ɗauki zafi, rana kuma tana busar da shi ya yi gautsi. A tuna da irin ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder. Bututun da ya jure jiya babu tabbacin zai jure yau. Ga kuma wani haɗarin da ya fi kusa da mu: tukunyar iskar oksijin ta masu walda tana ko'ina, kuma yaron da ya gaji da buga famfo zai iya cewa bari ya cika daga can. Oksijin zalla in ya haɗu da mai ko giris a cikin matsi kamawa yake yi da wuta nan take. Wannan kuskure ɗaya ya isa ya raba mutum da hannunsa ko da ransa.

Wannan matsala ta tukunya ba yau ta fara ba. Wajen 1779 wani maƙeri daga yankin Tirol na daular Ostiriya mai suna Girardoni ya ƙera bindigar iska da sojojin Ostiriya suka riƙe daga 1780 har wajen 1815. Tana ɗaukar harsashin dalma kusan 20, tana harbi a jere a zamanin da sauran sojoji suke ɗura albarushi ta baki bayan kowane harbi. Irinta wasu Amurkawa biyu masu binciken ƙasa, Lewis da Clark, suka ɗauka a tafiyarsu ta ratsa Amurka daga 1804 zuwa 1806, suna nuna wa ƙabilun da suka tarar. Sai an buga famfo kusan sau 1,500 kafin tukunyarta ta cika, matsin kuma wajen 800 ne kacal. Duk da haka daula guda mai ƙwararrun maƙera ta sha wahalar yin tukwanen da ba sa yoyo ko tsagewa, wannan yana cikin abin da ya sa aka ajiye ta. Abu biyu nake so a ɗauka daga nan. Iska ta taɓa zama makamin yaƙi na gaske, mai kashe mutum daga nesa. Kuma abin da ya ba maƙeran sarki wahala, bai kamata a bar wa yaro ɗan shekara goma sha biyar shi kaɗai a bayan ɗaki ba.

Wannan duk haɗarin mai ƙirar ne. Saura na wanda yake gaban bututun. A watan Maris na 2005, a unguwar Easterhouse ta birnin Glasgow na Scotland, an harbi wani yaro ɗan shekara biyu, Andrew Morton, a ka da bindigar iska, ya rasu. Iyayensa suka yi ta fafutuka shekara da shekaru, har majalisar Scotland ta yi doka a 2015, kuma daga ranar 31 ga Disamba 2016 ya zama laifi mutum ya riƙe bindigar iska a can ba tare da takardar izini ba. A Indonesiya, inda bindigar iska ta cika ƙauyuka, a watan Maris na 2019 an tsinci wata uwar biri irin wanda ake kira orangutan a lardin Aceh da ƙwayoyin dalma 74 a jikinta, ta makance, ɗanta kuma ya mutu. Ƙwayar da faɗinta bai wuce 'yan milimita ba ce ta yi wannan aikin. Ido ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya tsiyaye, ƙoƙon kan jariri kuma bai gama ƙwari ba. Gidajenmu cike suke da yara, katangunmu gajeru ne, lungunanmu a matse suke. Wanda ya ce a bayan gida kawai yake harbi, ya tuna bayan gidansa tsakar gidan wani ne.

Mu Musulmi ma muna da abin dubawa a nan. Ya inganta daga Abdullahi ɗan Mugaffal cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana jifa da 'yar tsakuwa da yatsu, ya bayyana cewa ba ta farautar dabba, ba ta karya abokin gaba, amma tana fasa ido tana karya haƙori. In an hana tsakuwar yatsa saboda ido da haƙori, ina ga ƙarfen da iska ta tunkuɗo? Kuma an hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa. Nawa ne cikin bidiyoyin nan za ka ga ana juya bakin bututu ta wajen mai ɗaukar hoto ana dariya?

Akwai haɗari na uku, kuma a halin da Arewa take ciki shi ya fi tayar mini da hankali. Abin yana kama da bindiga. Masu ƙirar ma da gangan suke yi masa gindi da maɗauri da fenti baƙi don ya yi kama da ta soja. A Amurka a 2014 'yan sanda sun harbe John Crawford a cikin wani kanti a jihar Ohio yana riƙe da bindigar iska da ya ɗauko daga kan kantar shagon, a watan Nuwamba na shekarar kuma suka harbe Tamir Rice, ɗan shekara 12, a Cleveland, yana wasa da ta roba. To a ƙasar da ake fama da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, inda ake da shingen bincike a kowace hanya, inda 'yan sa-kai suke sintiri cikin dare da zuciya a sama, inda ihun mutum ɗaya yake tara jama'a da duwatsu, wa zai tsaya ya tambayi yaro ko ta iska ce? Uwar da ta bar ɗanta ya fita da irin wannan a kafaɗa ta sa shi a bakin mutuwa, ko da bututun bai taɓa harba komai ba.

To me doka ta ce? Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu irin na yaƙi, akwai waɗanda mutum zai iya riƙewa da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, akwai kuma na ɗurin baki irin na mafarauta. Bindigar iska tana gida na biyu, tare da bindigar farauta ta kamfani. Ƙera bindiga ko harhaɗa ta ba tare da izini ba kuma laifi ne. Saboda haka yaron da ake yi wa addu'ar ƙarin basira, a idon doka ya riga ya aikata laifi, kuma yawanci shi bai sani ba, iyayensa ba su sani ba, masu yaɗa bidiyon ma ba su sani ba. Da hannunsu suke tura hujjar da za a kama shi da ita.

Matsalar dokar ita ce ba ta da ma'auni. Ta ce bindigar iska, ta yi shiru. Ba ta raba wadda da ƙyar za ta huda kwali da wadda za ta kayar da barewa ba. Wasu ƙasashe sun zauna sun ja layi da lamba, suna auna ƙarfin da harsashi yake fita da shi da ma'aunin jul. A Jamus duk wadda ba ta wuce jul 7.5 ba, baligi ɗan shekara 18 zai iya saye ba lasisi, kuma sai an buga mata tambarin harafin F a jiki don kowa ya gane an gwada ta. A Ingila iyakar doguwa kusan jul 16 ce, ta gajeruwa kusan 8, abin da ya haura haka ya shiga wani hukunci. Indiya a ƙa'idojinta na 2016 ta sa layin a jul 20 da faɗin baki milimita 4.5. Lambobin sun bambanta, kowace ƙasa da halinta, amma duk sun yarda da abu ɗaya: sai an auna kafin a yi hukunci. Mu kuwa dokar da ba ta auna ba tana haifar da abu biyu, duka marasa kyau. Ko dai a yi biris da ita har sai wani ya rasa ido, ko kuma ranar da aka ga dama a kama ɗan talaka a jera shi gaban 'yan jarida da sunan maƙerin makamai.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce kullum haka muke, yaro ya nuna basira mu kashe masa gwiwa, shi ya sa ba ma ƙera ko allura. Wannan zargi yana da nauyi, kuma ban raina shi ba. Mun ga Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda a 2007 duniya ta ji labarin jirgi mai saukar ungulu da ya harhaɗa da tarkacen mota da babur. Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san Allah ya zuba hannu a ƙasar nan. Yaron da ya iya sa iska ta tsaya a tukunya ba yoyo, ya iya yin bawul ɗin da zai buɗe ya rufe cikin ƙiftawar ido, wallahi injiniya ne a cikin ƙwai. Amma wannan ilimin nasa bindiga ce kaɗai ƙofarsa? Shi ne ilimin birkin tirela, shi ne na kwamfaresar mai faci da mai fenti, shi ne na injin feshin gona, na famfon rijiyar burtsatse, na kan tukunyar oksijin ta asibiti, kayan da muke kashe dala muna shigowa da su. Wanda yake ƙaunar yaron nan da gaske can zai karkatar da shi, inda hannunsa zai ciyar da shi har tsufa. Mai tafi kawai, in an kama yaron ko tukunya ta fashe masa, ba za a gan shi a ofishin 'yan sanda ko a asibiti ba.

Za a kuma ce mutanen ƙauye suna buƙatar abin kare kai. Zuciyata tana tare da duk wanda aka kora daga gonarsa a Zamfara ko Katsina ko Maraɗi. Amma yaudara ce a sa wa mutum bututun iska a hannu a ce ya tari mai AK-47. Abin da zai ƙara masa kawai shi ne a gan shi da makami a fara harbinsa. Buƙatar da na yarda da ita ta manomi ce da ɓera da tsuntsu da biri suke yi wa ɓarna, da mai rumbu, da mai gidan kaji. Wannan buƙata ta gaskiya ce, kuma ƙaramar bindigar iska da aka gwada, aka yi wa rajista, ta fi gubar da ake zubawa barkatai tana kashe kajin maƙwabta da dabbobin da ba su ji ba su gani ba.

Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren za su ce a haramta gaba ɗaya, a huta. Suna da hujjarsu. A ƙauyen Cipacing kusa da Bandung a Indonesiya, inda iyalai suka gaji ƙera bindigar iska kaka da kakanni, 'yan sanda sun sha kama wasu da suka zarce zuwa ƙera ta albarushi, domin injin da ya huda wannan bututun shi zai huda wancan. Japan ma, bayan kashe tsohon firaminista Shinzo Abe a Nara ranar 8 ga Yuli 2022 da bindigar da maharbin ya haɗa a ɗakinsa, ta ƙara tsaurara dokarta a 2024 har ta shafi masu zuga mutane a intanet su mallaki bindiga. Ban musa wannan ba. Sai dai mu mun riga mun gwada haramci. Dokarmu ta haura shekara sittin tana hani, maƙera daga Awka har ƙasar Hausa ba su daina ƙira ba, sun dai koma ɓoye, inda babu mai dubawa, babu mai ƙirgawa. Shi ya sa yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 a kan ƙananan makamai ta nemi ƙasashe su yi ƙidayar masu ƙirar gida su sa su a rajista. An gane cewa wanda ka san sunansa da shagonsa ya fi sauƙin tsarewa a kan wanda ka kora cikin duhu. Najeriya ta kafa cibiyar kula da ƙananan makamai a 2021 a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wannan aiki nata ne.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Majalisa ta gyara dokar 1959 ta sa lamba: ƙasa da kaza, baligi zai iya riƙewa da rajista mai sauƙi a jiharsa, sama da kaza kuma bindiga ce kamar kowace. Ni da za a tambaye ni, layin Jamus zan zaɓa, mai ƙanƙanta, saboda cunkoson gidajenmu da halin tsaronmu. Ƙirar ɗaki kuwa, wadda ba wanda ya gwada tukunyarta, ta ci gaba da zama haramun, ko da mai ita Allah ya yi masa basirar duniya. Amma a buɗe ƙofa ta halal kusa da ita. Kwalejojin fasaha suna da sashen injiniyan ƙere-ƙere, suna da injin huda ƙarfe, suna iya ajiye na'urar gwada tukunya da ruwa da ta auna gudun harsashi. Matashin da abin yake ransa ya je can, a rubuta sunansa, ya yi aiki gaban malami, abin da ya ƙera ya kwana a ma'ajiyar makaranta. Wanda ya yi fice, ga masana'antar makamai ta gwamnati, DICON, nan a Kaduna tun 1964 tana ƙera wa sojoji makamai, ita ta fi kowa buƙatar irin hannunsa.

Wanda kuma harbin ne yake so, ba ƙirar ba, shi ma yana da hanya. Harbi da bindigar iska daga nisan mita 10 yana cikin gasar Olamfik tun 1984. Da ita Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinare a Beijing a 2008, zinaren farko da ɗan ƙasar ya ci shi kaɗai. Ƙasar da take da mafarauta da maharba tun kaka da kakanni ba ta rasa masu saiti ba, filin horo mai katanga da mai koyarwa ta rasa.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da yake hannunmu yau. Masu walda da masu injin huda ƙarfe su daina karɓar aikin da yaro ya kawo bai faɗi na mene ne ba, kuma kada wanda ya cika wa kowa wata tukunya daga ta oksijin. Masu shafuka su daina yaɗa bidiyon da yake koyar da haɗin daki-daki, domin ba su san hannun da zai faɗa ba. Malaman makarantun sakandare masu shirya baje kolin kimiyya su ƙi karɓar bindiga a matsayin aikin ɗalibi, su ce ya kawo famfo ko injin feshi. Uba kuma in ya ga bututu da famfo a ɗakin ɗansa, kada ya fasa da duka, don gobe a gidan aboki za a sake haɗawa. Ya karɓa, ya sa a saki iskar a hankali nesa da yara, sannan ya kama hannun yaron ya kai shi wurin ƙwararren maƙeri ko makaniken kwamfaresa ya ce ga ɗa nan, a koya masa aiki.